Fijo 504 ta yi shot a bayan altaneta, yanzu kik baya juyawa kuma batir na tsiyayewa, ku taimaka

Ɗan Kakuri

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin wayarin na tsofin motoci ina neman shawara kafin in zubar da kuɗi a banza. Fijo 504 ce GR ta 1984 haɗin Kaduna, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, ni nake lallaɓa ta yanzu, injin fetur mai kabureta, komai nata na asali ne har kwantak bamu maida shi na zamani ba, kuma lafiyarta lau ki ɗaya take tashi.

Fambel ne ya saki yana ta ƙara da safe shine na kaita gareji a ɗaure. Ogan baya nan, yaronsa yace ai ƙaramin aiki ne, ya sa sufana a altaneta bai cire kan batir ba, inji dai a kashe yake, kawai sai sufanar ta zame ta haɗa notin nan na baya inda babbar waya take da jikin inji. Wlh tartsatsin da ya tashi sai da kowa ya ja da baya, sufanar ta manne a wurin sai da wani ya buge ta da katako, hayaƙi da warin ƙonanniyar roba duk ya cika cikin bonet.

Yanzu ga halin da ake ciki. Fitilun gaba suna kawowa, hon yana yi, fis kuma mun duba ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya tsinke. Amma in ka murɗa ki sai kaji ƙas ƙas ko ya ɗan ja da ƙyar ya tsaya. Abin da yafi ɗaure min kai ko na zare makulli na sa a aljihu jar fitilar oyil da ta caji suna nan a kunne a dashbod, kwayil kuma yayi zafi har hannu baya iya zama a kai. Mun bar ta ta kwana a garejin, da safe batir ko hon baya yi. Sannan da muke ta gwada tayarwa wayar cok ta ɗau zafi har robarta ta fara narkewa, ni ban ga me ya haɗa cok da lantarki ba.

Ogan da ya dawo yace in kawo kuɗin kik da altaneta da sabon batir da kwayil, wai duk sun tafi. To anya kuwa? Sufana ɗaya ta kashe abu huɗu lokaci guda? Ta ina zan fara dan Allah.

Sarkin Tasha

Wslm. Malam kar ka wahalar da kanka altanetan ne ya tafi. In dayod ɗin ciki ya ƙone haka yake yi, wuta ta riƙa komowa ta baya tana kunna fitilar caji ko babu ki, kuma shine yake shanye maka batir da daddare. Ni haka tawa ta taɓa yi. Ka shiga Panteka ka nemi na Beljiyam mai katawut (abin daidaita caji) a ciki a yi maka kombashan ka huta da tsohon yayi, in Kano tafi maka kusa Ƙofar Ruwa ma akwai. Batir kuma a kai caji tukun, in an ɗaura a tura ta a giya biyu, in ta tashi ka zare kan batir tana aiki, in ta mutu ka tabbata altaneta ne. Shikenan.

Baba Rewaya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifi. Kafin komai in dai kan batir yana ɗaure a motar nan yanzu ka kira garejin su cire na nagatif, kar a sake barinta ta kwana da shi, motar da fitilarta ke kunne babu ki tana iya kamawa da wuta kowa na barci. Kuma kar a tura ta, kar a zare kan batir inji na aiki, Sarkin Tasha kayi haƙuri wannan gwajin shi ke kashe altaneta mai lafiya, domin batir ne ke danne wutar, in ka zare shi sai ta yi tsalle sama ta ƙona dayod da katawut. Mun gani ba sau ɗaya ba.

Yanzu ka natsu ka bi hanyar da wutar ta bi, iyakar aikin kenan. Ta fito daga kan fozitif, ta bi wayar da ke zuwa bayan altaneta, ta hau sufana, ta shiga jikin inji, daga nan dole ta koma nagatif ɗin batir, kuma hanyarta ta komawa ita ce saƙaƙƙiyar wayar nan da ta haɗa inji da bodi. Duk ɓarnar da aka yi a kan wannan hanyar take. Kik baya kan hanyar, cikin altaneta ma baya kai tunda inji a kashe yake kuma sufanar ta tare wutar tun daga ƙofa. Fis bai tsinke ba saboda wannan babbar wayar ba ta bi ta fis ko ɗaya, kai tsaye take, haka tsofin motoci suke, don haka ganin fis lafiya ba ya nuna maka komai.

Maganar cok da ka ce ta ɗaure maka kai, ai ita ce ta faɗa maka ciwon. Kik yana jan wuta mai yawa, sama da amfiya 100, in saƙaƙƙiyar wayar ta ƙone ko ta rage 'yan silalla to wutar sai ta nemi duk ƙarfen da ya haɗa inji da bodi ta bi, wayar cok ce, wayar totur ce, wani lokacin har ta hanbirki. Su kuma ba don haka aka yi su ba shine suke zafi. Fitila da hon suna yi ne don su a bodi suke komawa ba a inji ba. Gwajinsa babu ko sisi: a cika batir, ka samu wayar jampa mai kauri, kai ɗaya a nagatif ɗin batir ɗaya a jikin inji wurin ƙarfe mai tsabta ba fenti ba maiƙo, ka murɗa ki. In kik ya juya da ƙarfinsa to ka tsira da kuɗin kik.

Na biyu kuma, fitilar da ba ta mutuwa. Wayar altaneta da ta ɗau zafin nan ba ita kaɗai take tafiya ba, a naɗe take da 'yan'uwanta cikin salatif ɗaya, in robarta ta narke sai ta manne da ta kusa da ita. In ta dace ta manne da wayar da ke kawo wuta daga ki zuwa katawut ko kwayil, shikenan duk layin ki ya samu wuta ta bayan gida, mota tana ganin kamar ki a buɗe yake dare da rana. Ka samu ƙwan gwaji, ƙwan sigina ma ya isa da waya biyu, ɗaya a bodi ɗaya a ƙafar kwayil mai alamar +, makulli yana aljihunka. In ya kama, sai ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka zare soket ɗin makulli gaba ɗaya. In ya mutu to makullin ne ya narke a ciki, in yana nan a kunne to makulli bashi da laifi, cikin wayarin ne. Daga nan sai reza, ka farke salatif ɗin tun daga bayan altaneta kana bi kana latsawa da yatsa, inda ka ji waya ta yi tauri ko ta kumbura ko biyu sun zama ɗaya nan ne. Kar ka yarda a naɗa baƙin salatif a kan ƙunar a ce an gyara, jan ƙarfen da ya sha wuta ya riga ya mutu, a cire wayar daga farko har ƙarshe a ja sabuwa mai kaurin ta ko wadda ta fi ta.

Duk lokacin da za ka maida kan batir don gwaji ka sa ƙwan fitilar gaba tsakanin kan nagatif da wayarsa. In akwai sauran shot ƙwan ne zai haska tar maimakon waya ta ƙone. Amma fa ba a kik da shi a haka.

Injiniya Zazzau

Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zanyi da lambobi ga wanda yake da mita, yanzu ko wajen masu gyaran waya da sola akwai ta ka ara.

Batir: bayan an yi caji a bar shi ya huta na wasu awanni sannan a auna, cikakke yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, 12.0 ya kusa ƙarewa, in kuma ka ga ya tsaya wajen 10.5 duk cajin da aka yi masa to ɗaki ɗaya ya mutu a ciki. Lokacin kik kar ya faɗi ƙasa da 9.6. Ka kuma duba kawunan nasa, irin wannan shot ɗin yana iya narka dalmar ko ya sassauta kan daga ciki, in ka ga jikinsa ya kumbura ko ruwa na tsattsafowa a ajiye shi. Kuma dan Allah a daina karta waya a kan batir don ganin tartsatsi musamman wanda aka sauke daga caji yanzun nan, iskar da yake fitarwa tana fashewa.

Wayar komawa: ƙafar mita ɗaya a nagatif ɗin batir ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa ki. Mai lafiya ba ta wuce bolt 0.2 zuwa 0.3, in ka ga 2 ko 3 ko fiye ai an gama bincike. Kar ka auna ta da om kace ta yi ƙara saboda haka lafiya take, sili ɗaya ma da ya rage zai sa mita ta yi ƙara amma bazai ɗauki wutar kik ba, nan mutane da yawa suke ruɗuwa.

Mutuwar batir cikin dare ma lissafi ne. Kwayil irin na kwantak cikinsa wajen om 3 ne in ba mai rezisto ba, in inji ya tsaya kwantak a rufe yana jan kimanin amfiya 4 ba tsayawa, ka ninka da awa 12 ka samu 48, batir mai 60 me ya rage masa? Ba sai an kira dayod ba. Amma wannan ɗin ne yasa nake ganin a cikin abu huɗun da oga ya lissafa kwayil ne kaɗai nake zargi, shi ma ba sufanar ce ta kashe shi ba kwanan da yayi da wuta ne. Ka auna tsakanin ƙananan ƙafafunsa biyu, sannan daga ɗaya zuwa ramin tsakiya wanda ya kamata ya ba ka dubbai, wajen 6,000 zuwa 10,000, in babu komai ko kaga mai yana fitowa ta wuyansa ya tafi. Ka buɗe distributa ma ka kalli kwantak, in bakinsa yayi shuɗi ko baƙi a canza tare da kwandensa a saita gibin 0.40mm.

Zancen Sarkin Tasha kuma ba ƙarya bane gaba ɗaya, dayod da ya lalace yana iya tsiyaye batir. Rabe su ba wuya: ka cire duk wayoyin bayan altaneta, waɗanda suke kan babban notin ka haɗa su da ƙaramin noti yadda suke ka naɗe kar su taɓa ƙarfe, ka maida batir. In fitilun suna nan a kunne alhali altaneta baya haɗe da komai, to ta ina zai zama shi ne.

Sarkin Tasha

Toh malamai na ji, amma ni dai shekara da shekaru muna zare kan batir a tasha bamu ga abinda ya faru ba. Kuma ko altanetan lafiyarsa ƙalau ina nan a kan bakana, katawut na waje wahala ne, yau ya cika caji ya tafasa maka ruwan batir gobe ya ƙi yi sam. Tunda an riga an farke wayarin ai gara a yi aikin gaba ɗaya.

Bamaraɗe 504

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maradi. Alhaji sannu da jaje. Mu nan 504 mun sha aikinta, da familiyal ta haya da bashe ta kaya, har yanzu akwai masu shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Abin da Baba ya faɗi na mas, wato saƙaƙƙiyar wayar inji zuwa bodi, haka yake, kuma ko ba'a yi shot ba mas ɗin 504 mai shekara 40 ya riga ya ci tsatsa, mai da ƙura sun cika shi, ƙiris yake jira.

Abu guda nike so in ƙara, wayoyin Fijo na wannan zamanin ba da launi ake gane su ba kamar na Japan, lamba ce a jikin kowace waya kusa da bakinta. Yaran yanzu basu san wannan ba sai su yanke bakin su yar da lambar, in an zo maidawa a rasa wace ce wace. Kahin ka cire komi ka goge bakin wayar da tsumma ka karanta lambar, ka ɗauki hoto da salula, in ta goge ka liƙa takarda ka rubuta da kanka. Lambar da ka gani a wannan kai ita zaka tarar a wancan kai, da haka zaka san wace waya ce ta manne da wace ba sai ka farke motar duka ba.

Kuma asalin waɗannan motoci suna zuwa da noti mai fukafukai a wajen nagatif, da hannu ake murɗa shi wuta ta yanke, Faransawa sun yi shi ne saboda irin wannan ranar. Yawanci an cire an yar wajen canjin batiri. In naka babu ka nemi makashin batiri ka sa, duk wanda zai taɓa inji ya murɗe tukuna.

Kar ka bari su lalata maka ita da kombashan barkatai. Motar da ta fito 1968 ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da Kaduna ta fara haɗa Fijo, ba sufanar yaro ce zata gama da ita ba. In demarer ɗin, wato kik, Paris-Rhône ne ko Ducellier na asali riƙe abinka, gawayin cikinsa kawai ake canza mishi.

Ɗan Kakuri

Jama'a Allah ya saka da alheri, ga yadda ta kaya. Na ɗauko wani mai rewaya dattijo daga unguwarmu muka je tare na karanta masa abinda kuka rubuta, dariya yayi yace ai waɗannan 'yan hannu ne. Batir bayan caji ya nuna 12.5. Muka sa jampa daga nagatif zuwa inji kamar yadda Baba yace, na murɗa ki, kik ya juya fes kamar ba shi ba, ogan garejin yana tsaye bai ce uffan ba. Da aka leƙa ƙasa saƙaƙƙiyar wayar ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, 'yan silalla ne suka rage a gefe ɗaya, ana taɓawa ta ƙarasa gutsurewa.

Ƙwan gwaji a kwayil ya kama babu ki, muka zare soket ɗin makulli yana nan, muka cire wayoyin altaneta yana nan. Da aka farke salatif kamar taƙi ɗaya daga bayan altanetan sai ga babbar wayar ta narke ta rungume wata siririya mai zuwa katawut, jan ƙarfensu a haɗe, har sai da aka sa wuƙa aka raba. Lambobin da ɗan'uwa na Maradi ya faɗa suna nan kuwa, ni duk zamana da motar ban taɓa lura ba. An ja sabbi guda biyu, an sa sabuwar wayar inji zuwa bodi mai kauri an kankare wurin sai da ƙarfe ya fito fari. Fitilun dashbod sun mutu da aka zare ki.

Sai dai ta ƙi tashi, tana juyawa babu wuta a fulogi. Injiniya ka canka, kwayil ne, mita bata nuna komai ba ta ramin tsakiya, kwantak ma bakinsa ya ƙone. Da aka canza su ta tashi. Mun auna a kan batir tana aiki 14.1, aka kunna fitilu da waifa ya sauko 13.7. Kenan kik da altaneta da batir duk nawa ne na da, kwayil da kwantak da kwandensa da waya kawai na saya, sai wayar cok da ta maƙale ita ma dole a canza. Yaron kuma nace kar oga ya kore shi, jikinsa har yanzu rawa yake.

Saura tambaya ɗaya, mai rewayan yace a sa fis babba a kan wayar altanetan kusa da batir saboda gaba. Ya dace ko zai kawo wata matsalar? Kuma mai lamba nawa?

Baba Rewaya

Madalla ɗana, 14.1 caji ne mai kyau, kar kowa ya taɓa maka katawut ɗin nan. Fis ɗin a sa, amma a kan wayar altaneta da mai shiga cikin mota kaɗai, banda babbar wayar kik, ita in ka sa mata fis duk murɗa ki sai ya tsinke. Lambar kuma ka duba abin da aka buga a jikin altanetan ka ɗora kaɗan a kai, in amfiya 40 ne ko 50 ka sa mai 60, muddin sabuwar wayar ta kai kaurin ɗaukar hakan, in ta siranta ita zata riga fis ɗin ƙonewa. A nemi irin mai ɗaurewa da noti ba na soke-soke ba, a sa shi kusa da batir iya yadda zai yiwu, ka ajiye ɗaya a aljihun mota. In ya taɓa tsinkewa kana tafiya ka tsaya ka kashe inji ka nemi dalili kafin ka sa wani, banda takardar sigari banda ƙulla waya. Ka duba wayar totur ma, tunda ta cok ta sha wuta ita ma ta ɗanɗana, in kaji tana cijewa wajen dawowa a canza ta kafin ka hau titi. Batirin kuma ka sake auna shi da safe kafin ka tayar nan da sati guda, wanda aka tsiyaye har ƙasa wani lokacin sai daga baya yake nuna rauninsa.